Ɗaya Gefen Faifan Lawali

Ranar Litinin da hantsi, cikin zafin bazarar 1974, Insifeto Shu'aibu yana fifita da hularsa a ofishin 'yan sanda na Gusau, sai ga wata dattijuwa tana jan sandar makaho. Malam Sabiru ne, tsohon direban jirgin ƙasa, da matarsa Hajara.

"Ranka shi daɗe," in ji Malam Sabiru, "sata anka yi min. Faifan garmaho guda."

"Guda ɗaya tak?" Insifeto ya kusa yin dariya.

"Ƙanena Lawali ne ke busa begila a ciki. Ikko ya yi shi da wasu makaɗan jaz kafin Allah ya karɓi abinsa. Ban da hotonsa, ban san kabarinsa ba. Wanga faifai shi kaɗai ya rage min."

Dariyar ta koma ciki. Insifeto ya ɗauki hularsa.

A gidan Malam Sabiru da ke Sabon Gari ba a fasa ƙofa ba, ba a taɓa garmaho ba. Faifai sun fi ɗari a akwati, a tsaye, kowane cikin rigarsa ta kwali. Rigar faifan Lawali ma tana nan, amma na waƙar Indiya ne a ciki.

"Ɓarawon ya ɗauka makaho ba ya ganewa," in ji Malam Sabiru. "Yo ni da yatsana ya san kowane ƙarce na jikinsa!"

"Wa ke shigowa ɗakin nan?"

"'Yan zaman Lahadi," in ji Hajara. "Bala mai gyaran rediyo, Bashiru direba na Tsafe, sai Malam Mas'udu da ke koyarwa a Bungudu. Daga la'asar su yi ta kaɗa kai kamar ƙadangaru, kiɗa ba kai ba gindi."

Insifeto ya fara da shagon Bala.

"Ni da faifan Indiya? Allah ya sawwaƙe!"

Insifeto ya ɗaga buhun da ke ƙarƙashin teburi, sai ga su jibge. Bala ya sosa ƙeya.

"Kasuwa ce, ranka ya daɗe, kada Malam Sabiru ya ji. Na Indiyan da ke cikin rigar faifan Lawali dai, Bashiru na sayar wa."

A tashar Tsafe, Bashiru ya rantse bai san zancen ba, sai da Insifeto ya ambaci sunan Bala.

"To, na saya. Amma a mota na bar shi ranar da na rage wa Bala da Malam Mas'udu hanya, ban sake ganinsa ba."

Ka ji fa, duka ukun sun taɓa kusantar faifan Indiyan. Shi kuwa Malam Mas'udu, da aka same shi a Bungudu, cewa ya yi an ci mutuncinsa.

Insifeto ya koma wurin Malam Sabiru.

"Baba, akwai abin da ke cikin faifan nan da ba wanda ya sani sai kai?"

Tsohon ya gyaɗa kai.

"Gefe guda nika sa musu. Ɗayan Lawali ne shi kaɗai ke busa, ban taɓa bari wani ya ji ba. Ko Hajara sai ta tafi unguwa."

Ranar Lahadi Insifeto ya tara su a ɗakin, da kurtu a bakin ƙofa.

"Ni jahili ne a wannan kiɗa naku," in ji shi. "Ko an sa faifan a gabana ba zan gane shi ba. Baba, ɗan rera min."

Malam Sabiru ya fara gunguni a hankali, sautin yana hawa yana sauka. Bala da Bashiru suka dubi juna, baƙon abu ne a kunnensu. Daidai inda busar za ta kai ƙololuwa, tsohon ya tsaya cak, ya dafa goshi.

"Kai, tsufa! Ya ɓace min."

Sai ga siririn fito ya ɗora daga inda aka tsaya, ya haura, ya sauke busar har ƙarshe. Malam Mas'udu ne, idonsa a rufe.

"Malam, a ina ka ji wannan?" in ji Insifeto.

Malam Mas'udu ya buɗe ido.

"Ni na ɗauka. Shekara da shekaru ina roƙon ya juya faifan nan, ya ƙi. Wanda ya yi busar gefen farko, yaya zan mutu ban ji sauran ba? Faifan yana Bungudu, naɗe cikin zane kusa da randa don kada zafi ya lanƙwasa shi."

Kafin magariba kurtu ya dawo da faifan. Malam Sabiru ya bi shi da yatsa, ya iske ƙarcensa inda ya bar shi, hawaye suka zubo.

"Alhamdu lillahi. Insifeto, Allah ya saka maka, ya jiƙan mahaifa. Kai kuma Mas'udu, ka cuce ni, amma na gode da ka kiyaye shi daga rana."

"Mu tafi, Malam," in ji Insifeto. "Sata sata ce."

"Dakata kaɗan, ranka shi daɗe. Hajara, wana garmaho, ki juya faifan."

Allura ta sauka. Begilar Lawali ta cika ɗakin, ta fita har titi. Bala ya cire hula. Hajara, mai cewa ba kai ba gindi, ta goge ido da gefen mayafi. Insifeto ya tsinci ƙafarsa tana buga ƙasa, bai hana ta ba.

Sai da allura ta kai ƙarshe sannan Malam Mas'udu ya miƙe da kansa ya bi kurtu.

A bakin ƙofa Malam Sabiru ya riƙo hannun Insifeto.

"Lahadi mai zuwa akwai kujera guda da babu kowa. Ka zauna wa Mas'udu a kai har ya dawo."