Jenny Biyu a Hyderabad

Da safiyar Talata ƙorafin ya iso Hyderabad daga Sydney. An kira wata tsohuwa da sunan kamfanin wayarta, aka karɓe lambobin katinta, aka yashe ta tas. Mai kiran ta ce sunanta Jenny.

A benen da ake amsa wa wannan kamfani kiran abokan cinikinsa, Jenny ɗaya ce: Rukhsar Begum, 'yar Tsohon Gari. Jenny sunan aiki ne, irin wanda ake raɗa wa kowa don kada harshen Turawa ya karye.

Insfekta Padmaja ta tarar da manaja Venkat ya riga ya yanke hukunci.

"Ki tafi da ita kawai, Madam. In ba mu ba masu kamfanin wayar mai laifi ba, kwangilar ta koma Manila. Ɗaruruwan mutane ke ci a nan."

"Mai laifi suke so, ko duk wanda ya samu?" in ji Padmaja.

Rukhsar na zaune a kujerarta, ta harɗe hannuwa, ta ƙi tashi.

"Kullum ina ba Turawa haƙuri kan laifin da ban yi ba," ta ce. "Wannan aikina ne, ana biyana. Amma sata? Ku nemi mai ita."

Wayar tsohuwar ta naɗi hirar. Padmaja ta saurara, sannan ta sa aka kunna mata kiraye-kirayen Rukhsar na baya. Venkat ya fita daga zargi, muryar ta mace ce. Sai dai wani abu ya tsaya mata a rai. Unguwar tsohuwar Woolloomooloo ce, kuma duk inda sunan ya taso harshen Rukhsar sai ya sarƙe, har masu kira su yi dariya. Ɓarauniyar kuwa ta zubo shi kamar a can aka yanke mata cibiya.

"Wa ke sauraron waɗannan hirarrakin bayan an naɗa?"

"Madam Sheila D'Souza, mai koyar da lafazi," in ji Venkat. "Ita ke ba da maki."

Sheila ta shigo tana kaɗa kai, wai tana tausayin yarinya. Padmaja ta yi kamar tana neman taimako.

"Madam, wannan unguwar tasu, Wulumala take ko me?"

"Woolloomooloo," Sheila ta gyara mata, tun kafin ta yi tunani.

Padmaja ta kunna muryar ɓarauniyar daidai inda ta faɗi sunan unguwar.

"Ke kaɗai ke jin hirar kowa, har da adireshi da lambar waya," Padmaja ta ce. "Kin zaɓi tsohuwar da ta saba da Jenny, kin ari sunan, kin kwaikwayi muryar. Kuskure ɗaya ne girman kanki ya hana ki kwaikwaya. Wayarki za ta faɗa mana sauran."

Sheila ta damƙe jakarta. Rukhsar ta miƙe, ta fizge jakar, ta dire a gaban Insfekta.

"Ni na koya wa duk benen nan magana," Sheila ta ce da Turanci, tana huci. "Ba don ni ba, wa zai saurare su?"

Padmaja ta nuna mata ƙofa.

"Adana Turancin, Madam. A ofishinmu da Telugu ake tambaya."