Salansar Motar Haladu

A bakin hanyar Zugu Haladu ya fara ganin Zinariya, tana zaune gindin tsamiya da ƙwaryar nono. Direba ne na wata a-kori-kura mai shan man gas, yana jigilar hatsi tsakanin Gummi da Anka. Ranar ya shanye ƙoƙo biyu, alhali ko yunwa ba ya ji.

Tun yana tsayawa don nono har ya koma tsayawa don mai nonon. Sai dai sau da yawa yakan tarar da gindin tsamiyar wayam.

"Rugarmu da nisa, Direbana," ta ce masa, kanta a sunkuye. "In ka wuce ba ni sani."

"Daga gobe kina sani, Zinariyata."

Kun san saurayi in so ya kama shi, hankali ne yake fara barinsa. Washegari ya kwance salansar motar ya jefa bayan kujera. Tun daga nesa Zinariya takan jiyo rurin motar, ta suri ƙwarya tana murmushi. Mutanen hanya kuwa sai toshe kunne da Allah-ya-isa.

Wata la'asar ya iske garken Hayatu, mahaifinta, yana tsallaka hanya. Don burgewa sai ya taka totur. Shanu suka watse, wata farar saniya mai ciki ta afka kwazazzabo ta karye. Saniyar Zinariya ce, wadda aka ba ta ranar suna, da ita za ta tafi gidan miji. A gabanta aka yanka ta.

Da manyan Haladu suka je neman aure, Hayatu bai ko shimfiɗa musu tabarma ba.

"Wanda bai ji tausan dabba ba, ba ni ba shi ɗiyata," ya ce.

Cikin nadama Haladu ya mayar wa motar salansarta. Ai kuwa nan ya ƙara ɓata lamarin. Kullum yana wucewa shiru, ya ga ba kowa, ya ce ta tsane shi. Ita kuma tana kasa kunne a ruga, ba ta jin komai, ta ce ya guje ta. Damina ta wuce a haka. Ta rame har Innarta ta daina yi mata faɗa, ta koma taya ta kuka.

Da abin ya ishe shi, ya sayar da motar, abin da ya mallaka ke nan a duniya. Ya sayi farar karsana, ya jawo ta a ƙasa tun daga Bukkuyum har ruga, ƙafafunsa duk sun fashe.

Hayatu ya daɗe yana dubansa. "Ina motar?"

"Ta tahi, Baffa. Ba ni da komi sai wagga."

"Tau. Allah shi yi albarka."

Bayan girbi aka ɗaura aure. A ƙasa aka rako amarya, ango ba mota, ba sana'a. Kwanaki kaɗan suna tsakar gida sai suka jiyo ruri daga titi, ashe sabon mai motar ma ya cire salansar. Zinariya ta zabura ta kai hannu ga ƙwarya, sannan ta tuna.

Ta juyo ta ga idanun Haladu sun cika da ƙwalla. Ta aje ƙwaryar ta zauna kusa da shi, suna saurare har ƙarar ta ɓace wajen Anka.