Hanyar da Fintan Ya Rantse Ba Zai Taka Ba

Ranar Lahadi ce, an taso daga coci, yayyafi na bugun tagar kicin. Nuala ta sauke dankali da kabeji ta ajiye a tsakiyar tebur. Mijinta, Fintan Devane, ya riga ya ɗebi nasa, ita kuwa 'yarsu tilo, Orla, sai juya cokali take a faranti. Tun safe uwar ke yi mata ido a kan ta bari a gama cin abinci, amma maganar ta ƙi zama a cikinta.

"Baba, Ned yana so ya zo ya gaishe ka."

"Wane Ned?"

"Ned Merriott."

Fintan ya ajiye cokalinsa a hankali, ya goge baki. Bai ɗaga murya ba, abin da ya fi tsorata su ke nan. Ya ce ita ba yarinya ba ce, doka ta ba ta ikon auren wanda ta ga dama, amma ranar da ta tsaya a coci da ɗan gidan Merriott, ta nemi wani ya riƙe mata hannu, shi ba ya nan. Ya ɗauki hularsa ya fita cikin ruwan. Orla ta kifa kai a tebur ta fashe da kuka.

Duk garin nasu, can a ƙasar Ireland, an san tushen abin. Gandun Ardkellan na gidan Merriott ne tun kaka da kakanni. A can cikin tudunsa aka haifi Brid, kakar Fintan, lokacin iyayenta suna noma ƙasar a matsayin 'yan haya. Tana ƙarama maigidan ya so ya faɗaɗa dajin barewarsa, ya aiko aka yaye rufin gidajen da ke tudun a tsakiyar sanyi. Brid ta ƙare aikatau a gari, yayanta Donal ya hau jirgin ruwa zuwa Amurka. A kan cinyarta Fintan ya ji labarin, kuma tun yana yaro ya rantse ƙafarsa ba za ta taka Ardkellan ba.

Zamani ya juya. Arzikin gidan Merriott ya zagwanye, aka buɗe gandun ga masu yawon shaƙatawa. Tsohuwar bargar dawaki ta zama wurin shan shayi, aka fitar da hanyoyin ƙafa cikin daji da gefen tafki, aka kafa wa yara lilo. Kowa na garin yana zuwa ranar hutu, ban da Fintan.

A can Orla ta haɗu da Ned. Malamar firamare ce, ta kai 'yan ajinta su ga agwagi, ta tarar da wani saurayi cikin laka har gwiwa yana gyaran gadar katako. Ta ɗauka lebura ne, ta yi masa faɗa a kan ƙusoshin da ya bari a hanya. Ya ba ta haƙuri ya tsince su. Sai daga baya ta ji ashe shi ne magajin gidan.

Bayan rikicin Lahadin, ƙawayenta suka ce ta daina wahalar da kanta. Wata ma cewa ta yi, "Haba Orla, wane zamani muke? Ku je ofishin rajistar aure ku sa hannu, tsoho zai huce don kansa." Amma Orla ta san babanta. Ta san in ta fita a haka, shi girman kai ba zai bar shi ya kira ta ba, ita kuma kunya ba za ta bar ta ta dawo ba. Ta gaya wa Ned ba za ta rabu da shi ba, ba kuma za ta aure shi a bayan idon mahaifinta ba. Ned ya ce zai jira.

Jiran bai yi daɗi ba. Damina da sanyi suka zo suka wuce, uba da 'ya suna gida ɗaya, maganarsu ba ta wuce miƙo gishiri. Ita ke kai shi asibiti duba hawan jini, su je su dawo rediyo kaɗai ke magana. Nuala ta gaji, wata rana ta ce masa, "Fintan, mutanen da kake faɗa da su sun zama ƙasa, wadda kake hukuntawa kuma tana wanke maka safa." Ya ce ta ƙyale shi.

Da bazara ta shigo sai ga baƙuwa daga birnin Boston na Amurka, Maureen, jikar Donal ɗin nan da ya hau jirgi. Tsohuwa ce mai sanda da baki kamar reza. Ba ta taɓa zuwa Ireland ba, kuma tun kafin ta gama shan shayin farko ta faɗi abin da ya kawo ta: tana so ta ga inda aka haifi kakanta kafin ta mutu. Fintan ya ce Orla za ta kai ta. Maureen ta ce ba ta ƙetaro teku don a haɗa ta da yara ba, shi ne jikan Brid, shi zai kai ta. Baƙo ba a ƙi masa, bare na jini. Washegari Fintan ya sa rigar cocinsa, fuska a murtuke, suka tafi su huɗu, har da Nuala da Orla.

A ƙofar gandun ya dage sai ya sayi tikiti kamar kowa, yana gunaguni wai yau shi ake sayar wa izinin taka ƙasar kakarsa. Ciki kuwa cike yake da mutane. Iyaye na tura keken jarirai, karnuka na jan masu su, tsofaffi na zaune a benci suna lasar askirim. Maƙwabta suka riƙa gaishe shi suna ɓoye mamaki. Ya zaci zai ji ƙasar na ƙona masa tafin ƙafa. Bai ji komai ba sai ƙamshin danyar ciyawa, abin ya ƙara ba shi haushi.

Suka bi hanyar tafki, suka wuce lambu mai katanga, amma ba wanda ya san inda gidan su Brid yake. Babu wata hanya da ta nufi tudun. Dole Orla ta kira Ned a waya. Ya iso da takalmin roba, ya cire hula ya ce, "Barka da zuwa, Mista Devane." Fintan ya kalli wani gefen.

Ned ya ja su suka bar hanyar jama'a. Da suka iso wani rafi, Maureen ta tsaya ta ce ƙugunta ba zai iya ba. Ned ya durƙusa ya ce ta hau bayansa. Tsohuwar ta hau tana dariya, tana cewa da kakanta zai tashi ya ga Merriott ya zama jakinta, da ya sake mutuwa don daɗi. Nuala ta toshe baki. Har Fintan sai da gefen bakinsa ya motsa.

A saman tudun suka tarar da kangon. Bango ne da bai wuce ƙugu ba, an sare ƙayar da ta rufe shi, an share cikinsa, amma ba a taɓa ko dutse ɗaya ba. A kusurwa ga murhun, har yanzu da baƙin hayaƙi a jikinsa. Fintan ya tambaya, da murya mai kaushi, ko an share ne don a nuna wa masu ɗaukar hoto. Ned ya ce a'a. Ya ce yana yaro an gaya masa garken tumaki ne, sai da ya girma ya ga murhu ya gane tumaki ba sa hura wuta. Tun lokacin yake sharewa. An sha ba shi shawara ya fitar da hanya ta nan, ya ƙi, don yana ganin ba shi ke da ikon nuna wurin ba, ba shi ke da ikon ɓoye shi ba.

Fintan ya ce, "Ka san abin da kakan kakanka ya yi a nan?"

"Na sani. Ba ni da abin da zan kare shi da shi. Ba zan iya mayar da rufin ba, Mista Devane."

Fintan ya shirya wa gardama, sai bai samu ba. Ya juya ya ga Maureen ta zauna a bakin murhun tana shafa dutsen, hawaye na bin kuncinta. Da ta natsu ta ce kakanta ya rayu ya tsufa a Boston, ya gina gidan da ya fi wannan sau goma, kuma ba ta taɓa jin ya yi kukan rufi ba. Abin da yake kuka a kai har ya mutu shi ne bai sake ganin ƙanwarsa ba. Sannan ta ɗaga sandarta ta nuna Orla, wadda ta tsaya can gefen bango ita kaɗai, ba ta kusa da uban, ba ta kusa da masoyin.

"Su Merriott sai da suka aiko da ƙarti kafin su raba gidanmu. Kai kuma, ɗan'uwana, na ga da hannunka kake yi."

Fintan ya kalli 'yarsa, kallon da ya daɗe bai yi mata ba. Ya ga ta rame, ya ga yadda ta harɗe hannuwa kamar mai jiran a kore ta. Ya cire hularsa ya riƙe, iska ta fara kaɗawa, sai ya ce su koma, sanyi zai kama baƙuwa.

Bai sauko daga ra'ayinsa a ranar ba. Har Maureen ta koma Amurka bai tada maganar auren ba, Orla kuma ba ta matsa ba. Sai Nuala ta lura da safe yakan ɓace, ya dawo da laka a takalmi. Ashe tudun yake hawa. Wata safiya ya tarar da Ned yana cire ciyawa a kangon, suka yi aikin tare ba magana. Da suka gama Fintan ya ce a fitar da hanyar, mutane su zo su gani, amma ba Merriott ne zai ba da labarin ba, shi zai bayar. Ned ya ce ya amince. Tsohon ya fara gangarawa, sai ya tsaya bai waiwayo ba.

"Nuala takan dafa rago ranar Lahadi. In za ka zo, ka zo da yunwarka."

Da lokacin kaka ya zo aka ɗaura auren a ƙaramin cocin garin, Fintan ne ya riƙo hannun Orla har gaba, yana ta tari don kada a ga idonsa. Yanzu duk Asabar za ka same shi a tudun, masu yawo sun kewaye shi, yana faɗin labarin Brid da Donal ba ragi. In ya zo kan abin da gidan Merriott suka yi, yakan nuna surukinsa ya ce, "Kakannin wancan ne," Ned kuma ya ɗaga hula, mutane su rasa ko dariya za su yi.

Da Orla ta bi ta ƙawayenta, da ta sami miji ta rasa uba. Haƙurinta ya haɗa mata duka biyun. Shi kuma Fintan ya gane cewa tuna zaluncin da aka yi wa iyaye hakki ne, amma wanda ya ɗora laifin matattu a kan rayayyu, gidansa yake yaye wa rufi.