Gishiri Ba Ya Tashi

"Wayyo, zai mutu..."

Auta ta manna goshi a jikin gilashin tankin, tana kallon ɗan kifin Baba mai ruwan ɗorawa yana haki a can ƙasa. Kifin teku ne, kuma Baba ya fi ji da shi a kan wayarsa. Da zai yi tafiya ita ya damƙa wa amanarsa.

Dole ta kira Dogo, mai shagon kifin ado, saurayinta da Baba bai taɓa ba wa kujera ba, wai shirunsa ya yi yawa.

Dogo ya tsoma ma'aunin gishiri a ruwan, allurar ta cilla sama. Ya tambaye ta me take ƙarawa idan ruwan ya ragu. Ta ce ruwan gishiri mana, har da ɗan ƙari don kifin ya ji daɗi.

Ya danne dariya da ƙyar.

"Abar ƙaunata, ruwa ne ke tashi. Gishiri yana nan zaune."

Kunya ta rufe ta. Ashe da ƙauna take ta jiƙa bawan Allah a gishiri.

Kullum sai Dogo ya zo da tataccen ruwa marar gishiri, ya zuba kofi-kofi, don sauyin gaggawa ma kisa ne. Ɗan Gwaggo, wanda ya daɗe yana harin Auta, ya ɗauki hoton Dogo ya aika wa Baba: ga mai kifi yana tsarma ruwan teku.

Baba ya dawo fuska a murtuke, ya wuce kowa ya nufi tankin. Kifin na ta shawagi abinsa. Ya duba ma'auni, allura daidai.

"Wa ya cika gishirin tun farko?"

"Ni ne, Baba," in ji Dogo da sauri.

"Ni ce, Baba," in ji Auta. "Rufa min asiri yake yi."

Ɗan Gwaggo ya tuna yana da uzuri, ya sulale ya bar takalminsa ɗaya a ƙofa.

Baba ya bi shi da kallo, sannan ya dubi Dogo da ke tsaye da kofi a hannu. Murmushi ya ƙwace masa.

"To, ruwa ya tashi."

Ya tura wa Dogo kujera da ƙafa.

"Gishiri, zauna. Yaushe manyanka za su zo?"