Bari Sai Asabar

Ƙarfe takwas na safiyar Alhamis aka bugo wa Sufeto waya: wata tsohuwar mota ta ƙwace a gangaren bayan kasuwa, ta daki katangar sito, direban ko shurawa bai yi ba. Tela ne, mai 'ya'ya uku. Waɗanda suka gani sun ce tun daga saman gangaren yake danna hon, yana ɗaga wa mutane hannu su kauce.

Da isarsa wurin, Sufeto ya zura hannu ta taga ya danna birki. Zuruf ya tafi har ƙasa. A kan kwalta kuwa ko zanen taya babu.

Kafin rana ta take, Saje ya tiso ƙeyar wani bakanike da ake kira Dogo, don shi ya canza wa motar fatar birki makon jiya. Saje dai ba ya ƙaunar ganin fayil ya kwana a buɗe.

"Yallaɓai, magana ta ƙare. Shi ya taɓa birki, birki ya kashe mutum. Litinin sai kotu."

Dogo na tsugune bayan kanta, baƙin mai bai ma bar hannunsa ba.

"Me ka yi wa motar?" in ji Sufeto.

"Ranka ya daɗe, fata kawai na canza. Wallahi ko murfin man birki ban buɗe ba."

"Me ya hana ka?"

"Marigayin ne ya ce in bari, ƙananan abubuwa 'yan Asabar ɗinsu za su duba masa."

"Su wa ke nan?"

"Masu motocin layinsu. Kowace Asabar sai su taru, kowa ya buɗe bonet, kowa ya zama gwani."

Washegari Sufeto ya sa bakaniken ofis ya duba motar. Tsohon ya kwance murfin man birki, ya nuna masa robar ciki. Ta kumbura ta yi suntum, ta ƙi komawa mazauninta.

"Fatar da aka sa lafiyarta ƙalau, Yallaɓai. Ga inda gizo ke saƙa."

Ya ɗebo man ya ɗiga a kofin ruwa. Ɗigon ya taso sama yana yawo.

"Man birki na gaskiya narkewa yake a ruwa. Wannan man sitiyari ne. A ido kusan launinsu ɗaya, amma shi cin robobin birki yake a hankali, kwana huɗu ko biyar ya gama da su."

Ranar Asabar Sufeto ya sa kayan gida, ya tuƙa tasa akwalar zuwa filin da ke ƙarshen layin su Tela. Motoci biyar ne baki buɗe a inuwa. Duk da mutuwar ta sanyaya wa masu motocin jiki, hira ba ta mutu ba. Wani na rantsuwa cewa ƙarar da ke motarsa shok ne, wani na ce masa ya daina ɓata bakinsa, boris ne.

Wani tsohon akawu mai surutu ya tare shi da fara'a. "Baƙo, wannan motar taka ai ta girmi wasu a nan! Me ke damunta?"

"Man birkinta ne ya yi baƙi."

"Shi ke nan? Sirinji za ka samu, ka zuƙe tsohon daga sama, ka zuba sabo. Minti biyar. Injiniya ne ya koya mana, shi yake yi wa kowa a nan."

Ya nuna wani dattijo mai furfura da ke zaune kan taya, shi kaɗai ne bai buɗe motarsa ba. Tsohon malamin lissafi ne, bai taɓa karanta injiniyanci ba, amma shekara da shekaru maganarsa ce yankan wuƙa a filin. Shi ne kuma yayan matar Tela.

Sufeto ya ƙarasa ya yi masa gaisuwa, sannan ya nuna katin aiki.

"Baba, Asabar da ta wuce an taɓa motar marigayi a nan?"

"Iskar taya muka duba, sai ruwan lagireto."

"Birki fa?"

"Birki ba ma taɓa shi a nan. Dokarmu ce."

Akawu ya buɗe baki, ya mayar ya rufe, ya shiga goge sifanar da ba ta da datti. Sufeto ya mayar da katinsa aljihu. Da ma a ce dattijon bai yi wannan ƙaryar ba.

Daga nan ya wuce gidan mamacin. Matar Tela ta fito falo idanu a kumbure, ta zauna kusa da keken ɗinkin da aka lulluɓe da zane.

"Ki yi haƙuri, Hajiya. Ya taɓa kukan birki kafin ranar?"

"Ran Laraba ya ce yana jinsa da laushi. Ya ce sabuwar fata ce, za ta zauna."

"Wa ya gaya masa haka?"

"Shi dai ya faɗa." Ta share ido. "Yaya ma kamar ya san abin da zai faru, bawan Allah. Sau uku ya kira shi ran nan, yana cewa ya ajiye motar, ya bari sai Asabar. Har tasa ya ce zai ara masa."

"Ya faɗi dalili?"

"A'a. Baban yara ya yi ta dariya, wai Yaya tsufa ya fara taɓa shi. Yana da kayan makaranta da zai kai, ya ce ba zai zauna ba."

Sufeto ya rufe littafinsa. Bai iya haɗa ido da ita ba lokacin da yake sallama.

Lahadi da hantsi ya samu Injiniya a garejin gidansa. Wuri tsaf, kowace sifana da ƙusar da aka rataye ta. A kan kanta gororin ruwa ne jere, kowacce da ragowar mai a ciki, irin tarin da masu gyaran gida ke yi don ba sa iya zubar da komai. Kowace gora da farar takarda manne: man inji, man giya, man sitiyari, man birki.

Sufeto ya ɗauki ɗaya ya juya ta. Gorar ta yi ƙura, ta dafe da maiƙo, takardar kuwa fes.

"Baba, yaushe ka rubuta waɗannan?"

"An daɗe."

"Gora ta shekara, takarda ko ɗigon mai babu? Duka da biro ɗaya?" Ya ajiye ta a hankali. "Akwai mutum a kulle kwana uku. Gobe za a kai shi kotu da laifin kisa, yana da iyali. Ni na san abin da aka zuba a motar nan. So nake in ji daga bakinka."

Dattijon ya dubi kantar. Sannan ya zauna kan benci.

"Ran Talata na gane," ya ce. "Na zo ƙara wa tawa man sitiyari, na tarar gorar ta yi rabi, ta birki kuwa cike. Ashe na sitiyari na zuba masa ran Asabar."

"Ka san abin da zai biyo baya?"

"Ni da nake koya wa mutane? Na sani."

"To me ya hana ka faɗa masa?"

"Kunya, ɗana. Kunya kawai." Ya kalli gororin. "Na ɗauki waya sau uku, kalma huɗu ce, na zuba man sitiyari, ta ƙi fita. Ina tunanin yadda za a yi da ni a fili, a ce Injiniya bai san mai da mai ba. Na ce in Asabar ta zo zan karɓi motar da wata dabara, in gyara ba wanda ya ji. Na ɗauka robar za ta kai."

"Da aka kama Dogo fa?"

"Na ce in na yi magana, da wane ido zan kalli ƙanwata? Ni na riƙe ta tun tana shekara tara." Ya rufe fuska da tafukansa. "Na mayar da 'ya'yanta marayu don kada a yi mini dariya."

Sufeto ya kama ɓarayi da 'yan fashi ba adadi, bai taɓa jin baƙin cikin kamu irin na yau ba. Ankwar na aljihunsa, bai fito da ita ba. Ya buga wa Saje waya ya ce a saki Dogo, sannan ya jira dattijon ya kulle garejin, suka tafi.

Suna shiga ofis ana miƙa wa Dogo takalmansa da wayarsa. Saje ya riga ya gaya masa komai. Injiniya ya tsaya a gabansa.

"Dogo, ka yafe mini."

Dogo ya dube shi, babu fushi a fuskarsa, sai gajiya.

"Kwana ukuna ba komai ba ne, Baba. Amma da ka kawo mini ita ran Laraba, aikin yini ɗaya ne. Kuma wallahi ba wanda zan gaya wa."

Dattijon ya sunkuyar da kai. Saje ya riƙe masa hannu, ya wuce da shi ciki.