Gawar da Ta Tashi Tana Dariya

Idan mutum ya shirya ƙarya don a ji tsoro, tsoron kuma ya kama wani da gaske, laifin na wa ne? Ni dai har yau ban sani ba.

A shagon gyaran waya da yake aiki a unguwar Nasarawo Abdulbaqi ya fara ganin wata budurwa mai suna Ya Fanna. Ta tarar da shi yana haɗa fim, ta leƙa ta ce wannan jinin ai zoɓo ne. Ya yi dariya. Daga ranar ya fara neman dalilin kiranta.

An shirya fim ɗin ne kamar bidiyon da aka tsinta a wayar wani makashi, mai yanka mutane a bayan gari saboda wata halitta da yake cewa tana kallonsa daga bayan taurari. Babu kiɗa, babu sunayen 'yan wasa. Abdulbaqi ne ya fito a makashin.

Ta roƙe shi ya rubuta cewa wasa ne. Ya ƙi, wai armashin zai tafi.

Bidiyon ya bazu a wayoyi har ya kai ga mahaifinta, Baba Wakil, wanda rikici ya koro daga Borno. A irin wannan bidiyon ya ga ƙarshen ɗansa Mudathir. Da Abdulbaqi ya zo gaisuwa, tsohon ya gane fuskar, ya janye hannunsa ya shige gida. Aka yi masa bayani, ya ce ya fahimta, amma ba zai ba shi 'yarsa ba.

Ta turo saƙo: "Rabin raina, kwana uku Baba bai ci abinci ba. Ina sonka, amma kada ka ƙara zuwa."

Wata biyu yana karanta saƙon kullum. Sannan ya saki sauran ɗaukar da ya yanke, kowa ya gani, ya je ya tsuguna a ƙofar gidan har aka ce ya shigo.

Baba Wakil ya karɓi wayar da Abdulbaqi ya miƙa masa. Ya ga gawar cikin fim ɗin ta tashi tana kakkaɓe riga, tana dariya, tana neman ruwan sha. Sau huɗu ya maimaita wurin.

"Nawa bai tashi ba," ya ce a hankali.

"Na sani, Baba. Ka yafe mini."

Ya Fanna tana bayan labule tana kuka.

Daga baya tsohon ya amince, bayan sallar wata Juma'a aka ɗaura auren. Da aka shafa fatiha, tsohon ya ratsa jama'a ya miƙa wa Abdulbaqi hannu, ya ce Allah Ya ba su zaman lafiya, ya daɗe bai saki ba.