Sunan da Maigadi Ya Ƙi Faɗa

Wayar majigi ce ta haɗa su. Auta ta shigo ɗakin taron a makare, jakar kwamfuta a kafaɗa, ƙafarta ta harɗe wayar da ke kwance a ƙasa, allon bango ya yi baƙi ƙirin ana tsaka da bayani. Mutum arba'in suka juyo. Wani daga baya ya fara dariya.

Mai bayanin, dogo siriri mai tabarau, ko muryarsa bai ɗaga ba.

"Laifina ne, ni na bar waya a hanya," ya ce. "Sannu da zuwa. Ga kujera nan gaba, fanka ta fi kaiwa nan."

Dariyar ta mutu a inda ta taso. Auta ta zauna tana kallonsa yana mayar da wayar, tana mamakin yadda mutum zai kashe wuta ba tare da kowa ya ga ruwan ba.

Rumfa sunan ƙungiyar. Masu rubuta manhaja ne da masu koyo, sun haura ɗari shida a guruf na waya, suna haɗuwa duk Asabar a saman wani shagon gyaran kwamfuta. Shi kuwa Maigadi ake ce masa, domin shi ke riƙe da rajista da dokoki. Dokokin uku ne, kullum sai ya karanta su kafin a fara: babu tambayar banza, ba a bin kowa ta saƙon sirri sai da izininsa, wanda kuma ya kai ƙara sunansa amana ne.

Auta zanen fuskar manhaja take yi. Wata uku tana zuwa, wata uku Maigadi yana duba aikinta, yana kuskuren kiran maɓalli biyu da suna ɗaya in ta matso kusa. Lambarta tana cikin rajistarsa tun ranar farko, amma ko sallama bai taɓa aiko mata ba. Har ta fara zargin ko idonta ne ke mata gizo.

Wata Asabar ya tsayar da ita a bakin matakala, mutane na wucewa.

"Ina da lambarki," ya ce, "amma ta Rumfa ce, ba tawa ba. Ina neman izini ki ba ni da bakinki. In kin ce a'a, wallahi kujerarki ta gaban fanka tana nan."

"Wata uku kana haddace wannan?"

"Biyu da rabi. Sauran na yi su ne ina neman ƙarfin hali."

Ta karanto masa lambar, ya rubuta a tafin hannunsa kamar bai san ta ba. Da yamma saƙo ya shigo.

"Assalamu alaikum, mai zane. Na gode da izini. Yau na gane abin da masu koyo ke ji idan kod ɗinsu ya yi aiki karon farko."

Ta amsa: "Wa alaikas salam, Maigadi. Ka yi hankali, na ga ƙofar zuciyarka a buɗe, kai da ke gadin ta wasu."

"Ba ɓarawo ne ya shiga ba, Haskena. Mai gidan ce."

Daga nan abu ya yi nisa. Ya je ya gaishe da Abba, tsohon ma'aikacin gidan waya mai son magana ɗaya, da Umma, tela mai keken ɗinki uku a ɗakin tsakar gida. Aka ce ya turo manyansa bayan wata biyu.

Sai maganar Injiniya ta taso.

Injiniya yayan Auta ne, kuma duk Rumfa babu wanda ya kai shi iya aiki. Bakinsa ne matsalar. Mai koyo ya yi tambaya, sai ya ɗauki hotonta ya watsa a wasu wurare ana dariya. Mata biyu ya bi ta saƙon sirri yana ce musu ƙwaƙwalwarsu ba ta kod ba ce, har suka fice. Sau biyu Maigadi yana jan kunnensa a keɓe, shi kuma Injiniya sai ya ce, "To, surukina, na ji."

Daga baya ya samu wata sabuwa da ke amfani da laƙabin Mai Koyo, mai rubutu a hankali da kurakurai. Ta tambayi yadda ake sa hoto a shafi. Ya amsa a gaban mutum ɗari shida: "Baiwar Allah, ki koma kicin. Nan ba ajin yaƙi da jahilci ba ne." Kwana huɗu yana bin duk abin da ta rubuta da hoton jaki.

Rana ta biyar ƙara ta shigo. Kwamiti ya zauna, mutum uku, aka dakatar da Injiniya wata shida, aka cire sunansa daga masu jawabi a babban taron shekara. Maigadi ne ya sa hannu.

Washegari Abba ya aika a kira shi. A falo aka zauna, Injiniya na gefe yana kaɗa ƙafa, Auta a bayan labule. Umma ta shigo da shayi ta ajiye, ta koma bakin ƙofa.

"Ban ce ɗana waliyyi ba ne," in ji Abba. "Amma an tozarta shi, ko wanda ya kai ƙararsa bai sani ba. Shekara talatin na yi ina raba wasiƙu, ban taɓa girmama wasiƙar da ba ta da sunan mai aikowa ba. Waye?"

"Abba, ka gafarce ni. Duk abin da ya rubuta an nuna masa, bai musa ba. Sunan kuwa amana ne."

"Ni ma kana neman amanata. 'Yata kake nema."

"Shi ya sa ba zan iya ba, Abba. In na buɗe wannan yau, gobe babu mai rauni da zai ƙara buɗe baki a Rumfa."

Injiniya ya yi tsaki. "Wata budurwarsa ce, Abba. Ita yake rufa wa asiri. Ga Manaja abokina shekara biyu yana bin Auta, mutum mai mutunci, aka tsaya kan mai gadin guruf."

Maigadi ya sunkuyar da kai. Bai kalli Injiniya ba, bai kalli labule ba, bai kalli ƙofa ba.

"Sati biyu na ba ka," Abba ya ce. "Suna, ko kuma kada manyanka su wahalar da ƙafarsu."

Kwana uku Auta ba ta ɗauki wayar Maigadi ba. Manaja ya fara fakawa a ƙofar gida da motarsa mai sanyi, yana aiko da turare tana mayarwa. A rana ta huɗu ta kasa haƙuri, ta kira Maigadi.

"Tambaya ɗaya. Mace ce?"

"Haskena, ko wannan ba zan amsa ba. In na ce e, na rage mutum ɗari huɗu daga lissafin yayanki. In na ce a'a, na rage ɗari biyu."

"Ni ce fa. Ba zan faɗa wa kowa ba."

"Na sani. Amma ba sirrina ba ne da zan ba ki. Abin da ke nawa shi zan ba ki duka: babu wata a zuciyata sai ke, kuma kwana huɗun nan ko layi ɗaya ban rubuta daidai ba."

Ta jefar da wayar kan gado ta yi kuka, rabi haushi, rabi wani abu da ta kasa sa wa suna. Ranar Asabar ta je Rumfa don ta ga yadda zai yi. Ya rame, amma ya miƙe ya karanta dokoki uku kamar kullum. Ɗaya daga cikin matan da Injiniya ya kora ta dawo, tana zaune a gaba, har ta ɗaga hannu ta yi tambaya. Maigadi ya ce, "Tambaya mai kyau," ya tsaya ya amsa mata sau biyu. Auta ta dube shi. Wannan mutumin yana shirin rasa ta, kuma ya zo ya shirya kujeru.

Ranar da wa'adi ya cika ya zo da kansa, shi kaɗai, ya durƙusa a gaban Abba.

"Ka zo da sunan?"

"Na zo ne in ba ka haƙuri, Abba. Ban zo da shi ba."

"To, Allah Ya haɗa kowa da rabonsa."

Auta na bayan labule tana ji. Maigadi ya yunƙura zai tashi, sai ƙarar keken ɗinki da ke tsakar gida ta tsaya. Umma ta shigo, zare a wuyanta, waya a hannu.

"Zauna, ɗana," ta ce. Ta juya ga Injiniya. "Kai, karanta mini wannan da ƙarfi. Idona ba ya gani sosai."

Ya karɓi wayar yana yamutsa fuska. "Baiwar Allah, ki koma ki..." Ya tsaya. Ya dubi saman allon, ya ga laƙabin, ya dubi mahaifiyarsa.

"Ƙarasa mana," in ji Umma. "Ni ce Mai Koyo."

Injiniya ya sauke wayar a kan cinyarsa.

"Takardar Rumfa Auta ta manta a kan kekena," ta ci gaba. "Na ce bari in koyi yadda zan sa ɗinkina a shafi, ba tare da 'ya'yana sun yi mini dariya ba. Ashe dariyar tana jirana a can. Don kaina da na yi shiru, uwa tana haɗiye fiye da haka. Amma na ga abin da ka yi wa 'ya'yan mutane, na ce ni na haife shi, ni zan kai ƙararsa."

Abba ya cire hularsa ya riƙe. "Kuma kika bar ni ina ta faɗa sati biyu?"

"Kunya ce, Malam. Ta ɗana, da tawa. Kullum sai in ce gobe yaron nan zai gaji ya faɗa, in huta." Ta nuna Maigadi. "Sunana na gaskiya yana cikin littafinsa. Ya sani tun ranar da na shiga. Na kawo masa shayi a falon nan kana tsare shi, kalma ɗaya ta ishe shi ya samu mata. Ko inda nake bai kalla ba."

Auta ta fito daga bayan labule ba ta san ta fito ba. "Ka sani? Duk kwanakin nan?"

Maigadi ya gyara tabarau. "Umma ɗaliba ce mai ƙoƙari," ya ce a hankali. "Ta riga ta sa hoto bakwai."

Injiniya ya zame daga kujera ya kama ƙafar Umma. "Wallahi ban san ke ce ba."

"Na sani. Da ka san ni ce da ba ka yi ba. To sauran fa, ba 'ya'yan wasu ba ne? Tashi, ba ni za ka fara ba wa haƙuri ba."

Abba ya daɗe yana kallon Maigadi kamar yau ya fara ganinsa.

"Na yi aiki da mutanen da ke buɗe wasiƙar wani don kuɗin shayi," ya ce. "Ban taɓa ganin wanda aka ɗora wa aure a kan ambulan ya ƙi buɗewa ba. Ka ce wa manyanka ina jiransu ranar Lahadi. Kuma ka yafe wa tsoho."

Da yammacin ranar Injiniya ya rubuta doguwar takardar ban haƙuri, ya roƙi Maigadi ya sa masa a guruf, tunda shi ba shi da damar shiga. Bai nemi a rage masa ko kwana ɗaya ba, ba a kuma rage ba. Manaja ya ji labari, ya daina ɓata man motarsa.

Bayan wata biyu aka ɗaura aure. 'Yan Rumfa suka cika layin har maƙwabta na tambayar ko wani babban mutum ne ke aurar da 'ya. Injiniya ne ya yi ta jigilar baƙi, yana ce wa kowa "sannu da zuwa" kamar sabon tuba, abokansa na tsokanarsa wai an yi wa bakinsa gyara.

Da za a tafi da amarya, Umma ta riƙe hannun Auta ta sa a na mijinta.

"Ba ni da wasiyyar da zan yi maka," ta ce masa. "Ke zan yi wa. Ki riƙe shi da kyau, irinsu ba su da yawa."

"Umma, ni ce fa 'yarki."

"Shi ya sa na san wa ke buƙatar faɗa."

Aka yi dariya har da masu hawaye. Abba ya ɗaga hannu, falon ya natsu.

"Allah Ya sa gidanku ya zama inda mai rauni zai shiga ya ji sanyi. Allah Ya ba ku zuriya masu riƙon amana, Ya kau da fitina tsakaninku."

"Amin," jama'a suka amsa.

A cikin mota Maigadi ya juyo yana ta kallonta. Auta ta ɗaga mayafinta kaɗan.

"Yi magana mana, angona."

"Ina tsoron in yi magana in farka, Haskena."

Ta damƙe hannunsa sosai har sai da ya ce wash.

"Ka ji zafi?"

"Na ji."

"To ba mafarki ba ne. Direba, mu je gida."